Wa Ya Ba Mai Bincike Izini, Kuma Ina Shaidar?

A garuruwan kudancin Katsina, daga Faskari da Yankara zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, mutane sun saba ganin baƙi masu jaka da takardun tambayoyi, ko masu riƙe da waya suna latsawa yayin da suke yi wa matan gida tambaya. Wani ɗalibin jami'a ne da ke haɗa aikin kammala karatu. Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ne da ke auna damtsen yara don gano masu tamowa. Wani kuma jini yake ɗiba a yatsa don a san yawan masu zazzaɓin cizon sauro. Yawanci sukan fara kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, a haɗa su da ɗan rakiya, aiki ya kankama. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne: kafin su iso, wa ya duba aikin nan ya gamsu cewa ba zai cutar da kowa ba? Idan kuma an ce an duba, ina shaidar?

Amsar tambaya ta farko ita ce kwamitin ɗa'ar bincike. Wasu mutane ne da asibiti, ko jami'a, ko ma'aikatar lafiya ke naɗawa domin su karanta tsarin duk wani bincike da za a yi a kan ɗan Adam tun kafin a fara shi. Suna da ikon su amince, su ce a gyara, ko su hana. Amsar tambaya ta biyu kuwa tana cikin kabad ɗin ofishin wannan kwamiti, a cikin rajista da fayil-fayil. Domin a ga dalilin da ya sa kabad ɗin nan yake da nauyi haka, sai an koma Kano, shekarar 1996.

A bazarar wannan shekara annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Nijeriya. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu yara. Ana tsakiyar haka kamfanin magunguna na Pfizer ya turo tawaga daga Amurka zuwa Asibitin Zana da ke Kano domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. An ɗauki yara kusan 200, aka raba su gida biyu: rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar wani sanannen magani, ceftriaxone, domin a kwatanta. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, abubuwan da ita kanta sanƙarau takan bari. A harabar asibitin a lokacin, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana jinyar masu cutar da maganin da aka riga aka sani. Bayan 'yan makonni tawagar Pfizer ta tattara ta koma.

Maganar ta kwanta har zuwa Disambar 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta tono ta. Daga nan hankali ya koma kan wata wasiƙa guda. Kamfanin ya miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka wata takarda mai kwanan wata 28 ga Maris, 1996, wadda ke nuna cewa kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya duba gwajin ya amince kafin a fara. Amma shugaban asibitin na lokacin, Sadiq Wali, ya shaida wa jaridar cewa a watan da aka ambata asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ma. Kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gano cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka ɗora mata tsohon kwanan wata. Ya kuma ce babu rubutacciyar shaidar cewa an sanar da iyayen yaran cewa gwaji ake yi. Shi kuwa kamfanin ya tsaya a kan cewa ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun yarda da baki, cewa hukumomi sun san da aikin, kuma maganin ya ceci rayuka.

An yi shari'a a Amurka da Nijeriya. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. A nan wata matsalar ta ɓullo. Yara 200 aka yi gwajin da su, amma fiye da mutum 500 suka fito neman diyya, sai da aka koma gwajin ƙwayoyin halitta domin a tantance na gaskiya. Sai a watan Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Idan aka lura, a kowace gaɓa ta wannan labari takarda ce ta yi ƙaranci. Babu rajistar da za ta nuna ranar da aka karɓi tsarin gwajin. Babu bayanin zaman da aka tattauna shi. Babu takardar yarda mai sa hannun uba ko dangwalen uwa. Shi ya sa har yau magana ta zama ta wannan ya ce, wancan ya ce.

Tunanin cewa wani na gefe ya kamata ya duba aikin mai bincike bai daɗe sosai a duniya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni ta haifar da ƙa'idojin Nuremberg a 1947, waɗanda suka sa yardar mutum a gaba da komai. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, kuma a gyaran da aka yi mata a Tokyo a 1975 ne aka shigar da sharaɗin cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike tukuna. A Amurka, tonon asirin binciken Tuskegee a 1972, inda aka shekara 40 ana kallon ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da an ba su magani ba, shi ya kai ga dokar 1974 da ta wajabta irin waɗannan kwamitoci. A Nijeriya an kafa Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa a 2005, Farfesa Clement Adebamowo ya shugabance shi, ya fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama a doka. Aikinsa ya haɗa da yi wa ƙananan kwamitoci rajista da sa ido a kansu. Mai son yin bincike a Faskari yakan nemi izini daga kwamitin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina, ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, gwargwadon inda aikin ya fito da inda za a yi shi.

Kundin ƙasa ya ce kwamiti kada ya gaza mutum biyar, kuma kada ya zama na likitoci zalla ko na maza zalla. Dole a samu wanda ba masanin kimiyya ba, da wanda ba ma'aikacin wurin ba ne. Hikimar a fili take. Likita zai iya gane ko yawan maganin ya yi daidai, amma malamar makaranta ko limamin unguwa ne zai fi saurin lura cewa kuɗin mota da za a ba masu shiga ya yi yawan da talaka ba zai iya cewa a'a ba. Jerin sunayen 'yan kwamiti, da takardun karatunsu, da ranar naɗa kowa, da shaidar horon da suka samu, su ne shafin farko na abin da ake ajiyewa. Na biyu shi ne rubutattun ƙa'idojin aikin kwamitin kansa: sau nawa ake zama, mutum nawa ne za su halarta kafin zama ya halatta, yaya ake yanke hukunci. Su ma ƙa'idojin ana sa musu lamba da kwanan wata, kuma idan an sabunta su ba a yar da tsofaffin, domin hukuncin da aka yanke shekara biyar baya da ƙa'idar wancan lokaci za a auna shi.

Yanzu mu bi takarda guda daga ƙofa. Mai bincike yakan kawo tsarin aikinsa: me yake son sani, mutum nawa zai ɗauka, ta yaya zai zaɓe su, wane haɗari ke ciki, wa ke biyan kuɗin aikin. Yakan haɗa da takardun tambayoyi da takardar neman yarda, da Turanci da kuma harshen mutanen da za a je wa. Sakataren kwamiti zai buga hatimin karɓa, ya rubuta a rajista, ya ba takardar lamba. Wannan rajista ƙaramin abu ce a ido, amma ita ce ƙashin bayan komai. Lambobinta a jere suke, ranakunta a jere suke. Wanda ya so ya cusa wasiƙar Maris a cikin watan Nuwamba zai tarar babu gurbi, domin lambar da ke gaba da wadda ke baya duk suna da masu su. Shi ya sa ake son littafi ɗinkakke mai lambar shafi, ba fallayen da za a iya zarewa ba. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko, a sa hannu da kwanan wata a gefe. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti.

Ba kowane bincike ne ke jiran cikakken zama ba. Wanda haɗarinsa bai wuce na rayuwar yau da kullum ba, shugaba ko wani da ya wakilta yana iya duba shi cikin hanzari, a sanar da sauran a zama na gaba. Akwai ma wanda ake yafe wa dubawa. Amma kwamiti ne ke cewa an yafe, a rubuce, ba mai binciken ne zai yafe wa kansa ba. Kundin ƙasa ya ba kwamiti wata uku ya yanke hukunci, kuma hatimin ranar karɓa ne ke kare shi kansa mai binciken idan aka yi masa jan ƙafa.

Ranar zama, abin da sakatare zai rubuta ya fi kalmar an amince. Kyakkyawan bayanin zama yana nuna su wa suka halarta, ko adadin ya cika, ko wanda ba masanin kimiyya ba yana nan. Yana nuna wanda ya bayyana cewa yana da hannu a aikin da ake dubawa, da lokacin da ya fita daga ɗakin da lokacin da ya dawo. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurarenmu, inda mai kawo takardar kan zama ɗalibin wani a kwamitin, ko maigidansa a wurin aiki. Bayanin yana kuma nuna abin da aka yi jayayya a kai da yadda aka warware, mutum nawa suka yarda, nawa suka ƙi, nawa suka ƙaurace, da dalilin kowane gyara da aka nema. A zama na gaba a karanta, a gyara, shugaba ya sa hannu. Amfanin wannan ba ya tsaya ga mai binciken laifi da zai zo wata rana. 'Yan kwamiti suna canzawa, ana yi musu canjin wurin aiki, suna ritaya. Idan bara an hana wani ɗibar jinin jarirai fiye da wata ƙima, bana kuma wani ya kawo irin wannan buƙata, bayanin zaman bara ne zai sa a yi wa biyun hukunci iri ɗaya.

Wasiƙar amincewa, wadda ita kaɗai mutanen gari za su iya gani, tana ɗauke da sunan kwamiti, lambar aikin, sunan mai binciken, da ranar da izinin ya fara da ranar da zai ƙare. Tana kuma faɗin wane bugu na tsarin aka amince da shi. Wannan na ƙarshe yana da dalili. A gwajin Kano, an rage yawan allurar ceftriaxone da ake yi wa yara bayan ta farko. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne kuma abin da aka bayar ya wadatar, masu ƙara suka ce an yi ne don Trovan ya fito da kyau. Inda akwai kwamiti mai aiki, irin wannan sauyi sai an rubuto an nemi izini kafin a yi shi, sai fa idan gaggawar ceton rai ce, kuma takardar tana nan a fayil da dalilinta. Izini ba ya wuce shekara guda. Kafin ya ƙare mai bincike zai kawo rahoto: mutum nawa suka shiga, nawa suka janye, me ya faru da ba a zata ba. Idan wani ya mutu ko ya kwanta asibiti, ba a jiran ƙarshen shekara, cikin 'yan kwanaki ake sanarwa, kuma kwamiti na da ikon dakatar da aikin nan take.

Takardar yarda ita ce inda aikin kwamiti ke haɗuwa da tabarmar tsakar gida. Kundin ƙasa ya nemi a rubuta ta da harshen da wanda ya yi shekara tara a makaranta zai fahimta. A ƙauyukan da mata da yawa ba su yi boko ba, ana karanta wa mutum a gaban shaida wanda ba ya cikin tawagar bincike, mutum ya dangwala yatsa, shaida ya sa hannu, a bar masa kwafi ɗaya. Yaro kuwa sai da yardar iyaye, kuma idan ya yi wayo a nemi tasa. Izinin dagaci yana buɗe ƙofar gari, izinin maigida yana buɗe ƙofar gida, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin yardar matar da za a ɗebi jininta. Wasu kan ji nauyin takarda, suna ganin kamar rashin yarda da juna ne. Amma al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba baƙuwa ba ce ga tunanin cewa rubutu yana kare zumunci da haƙƙin mai rauni.

Akwai wani ɓangare na ajiya da ya fi tsanani a Faskari da maƙwabtanta fiye da Kano ko Zariya. Shekarun rashin tsaro, da sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, sun jawo masu bincike da ke son jin ta bakin 'yan gudun hijira, da matan da aka yi garkuwa da su, da manoman da suka biya kuɗi kafin su shiga gonakinsu. A wurin da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum kisa daga kowane ɓangare, takarda mai sunan wanda ya faɗi abu kaza ta zama haɗari. Don haka kwamitin kirki yakan tambaya: ina za a ajiye sunaye? Ƙa'ida ita ce a ba kowane mutum lamba, amsoshinsa su tafi da lambar, jerin da ke haɗa suna da lamba kuma a kulle shi a wani wuri daban, a hannun mutum ɗaya ko biyu. Wani lokaci kwamiti kan yarda a karɓi yarda da baki a gaban shaida, idan sa hannun ne kaɗai zai iya tona asirin mutum. Bambancin wannan da abin da ya faru a Kano shi ne kwamitin ne ya yanke haka tun kafin a fara, ya kuma rubuta dalilinsa.

Waya ma tana da nata haɗarin. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. A irin wannan hali, bayanan da aka tattara a waya ba sa tafiya ko'ina, suna nan a aljihun ma'aikaci yana bin hanyar da za a iya tare shi. Dole tsarin bincike ya faɗi yadda za a kulle wayar da kalmar sirri da yadda za a rufe bayanan ciki. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Haka idan za a fitar da jini ko wani samfur zuwa ƙasar waje, sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi abin da za a yi da shi da abin da ba za a yi ba.

Har yaushe ake ajiye fayil? Dokar Amurka da ƙa'idojin gwajin magunguna na ƙasa da ƙasa sun ce aƙalla shekara uku bayan kammala aiki. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma labarin Kano ya nuna gajartarsa: shekara huɗu ta wuce kafin maganar ta fito fili, 13 kafin sulhu. Yaron da aka yi bincike da shi yana ɗan shekara biyar zai iya zuwa da tambayarsa yana ɗan 25. Ga kuma abokan gaban takarda da kowane ma'aikacin ofis ya sani: gara, ɗigar rufi da damina, gobara, da ƙaura daga wannan ofis zuwa wancan. Kwamfuta ba ta kawar da matsalar ba, ta dai sauya mata kama. Fayil ɗin da ke cikin kwamfutar sakatare ta kansa, ko a akwatin imel ɗinsa, yakan tafi tare da shi ranar da aka yi masa canji. Abin da ke aiki shi ne a haɗa biyun: takarda a kabad na ƙarfe mai makulli, hotonta a na'urar ofis, kwafi na biyu a wani gini, da littafin da ke nuna wa ya ɗauki wane fayil, yaushe ya mayar.

A ganina, raunin kwamitocinmu ba a ilimin 'yan kwamiti yake ba, a kujerar sakatare yake. Farfesoshi da manyan likitoci suna zuwa zama su tafi. Wanda ke riƙe rajista, ya bi masu bincike su kawo rahoton shekara, ya lura cewa izinin wani ya ƙare amma yana ci gaba da aiki, sau da yawa ma'aikaci ne guda da aka ɗora wa wannan a kan wasu ayyuka, ba horo, ba kasafi. Asibiti ko ma'aikatar da ke karɓar kuɗin duba takarda daga masu bincike ya kamata kuɗin nan ya fara zuwa ga wannan kujera da wannan kabad.

Kuma muna buƙatar binciken. Faskari tana iyaka da Zamfara, inda sanƙarau nau'in C ta ɓarke a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa Katsina da Sakkwato a 2017. Rigakafin sanƙarau na Men5CV, wanda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da shi a 2024, an gwada shi ne a jikin mutanen Mali da Gambiya da suka yarda. Mun kuma ga tsadar rashin yarda: lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20.

Dagaci ko mai unguwa a Daudawa ko Mairuwa da baƙi suka zo masa da takardun tambayoyi yana da haƙƙin ya ce a nuna masa wasiƙar amincewa. Ya duba sunan kwamitin, da lambar aikin, da ranar ƙarewar izini, ya sa ɗansa ko malamin makaranta ya kwafe su a littafi. A jikin takardar yarda kuma akwai lambar wayar kwamitin, daban da ta mai binciken. An sa ta ne domin wanda aka yi bincike da shi, ko iyayensa, su kira su kai kuka ko su tabbatar cewa lambar aikin tana cikin rajista, kuma kowane irin wannan kira shi ma wajibi ne sakatare ya rubuta shi a fayil, tare da matakin da aka ɗauka a kai.